Tsinke Ya Yi Ƙiba

Ranar da Suwaiba ta dawo Sabon Gari daga wankan gida, ko jaririyar ba ta kwance daga bayanta ba ta fara neman wayar. Mata suna ta shigo da kayan gara daga a-daidaita-sahu, ga buhun shinkafa, ga jarkar mai, ga fantekokin dubulan da alkaki, ita kuwa idonta na kan aljihun mijinta Yahuza. Wayar ba wata abar a zo a gani ba ce, tsohuwa ce mai tsagaggen gilashi. Amma ta ƙaninta Saifuddeen ce, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce, kuma a cikinta Tsinke yake.

Tsinke jarumi ne a wani wasan yaƙi na intanet da samarin Wudil ke kira Fage, don sunansa na Turanci ya yi musu tsawo. Saifu ne ya gina shi da hannunsa. Ciwon sikila ya hana shi ƙwallo, ya hana shi wanka a kogi, ya cinye masa rabin karatu, sai ya tattara duk ƙwaƙwalwar da Allah ya ba shi ya zuba a kan wannan siririn jarumi mai ɗaurin ƙugu da takobi ɗaya. A gadon asibiti ya koya wa yayarsa wasan, lokacin da yatsunsa suka kumbura ba ya iya danna komai.

"Yaya Suwaiba, kin ga lambar nan ta saman kansa?" in ji shi. "Ita ce matakinsa na yaƙi. Ba wani alƙali ne ke zaune yana auna jarumta ba, lissafi ne kawai. Kowane jarumi yana da abu huɗu. Kariya da jini, a tara su a raba huɗu. Sara da ƙarfi, a tara su a raba uku. Abin da ya fito can da nan sai a haɗa, shi ne lambar."

Mutane, in ji Saifu, duka huɗun suke bi suna ɗagawa daidai-wa-daida, saboda tsoro. Shi kuwa ya bar kariyar Tsinke a kan ɗaya, yadda aka haife shi, duk gurbin da za ta ci a lissafi ya ba wa ƙarfi. Sai lambar ta tsaya a arba'in da tara, hannun kuwa na ƙaton ɗan mataki saba'in ne. Akwai wani fili a wasan da ake kira Ƙaramin Fage, wanda ƙofarsa ba ta buɗe wa duk wanda ya kai hamsin. A can Tsinke ya yi suna. Abokin karawa zai ga siririn abu ba ko riga, ya taho yana murna, kafin ya daidaita garkuwarsa an raba shi biyu. In kuwa aka riga Tsinke sara, to, sara ɗaya ke kai shi ƙasa.

"Jikin da ba ya ɗaukar duka dole ya riga kowa kai duka," in ji Saifu, yana dariya ruwan ledar na shiga hannunsa. "Kuma ki kula, Yaya, a wasan nan abin da ya hau ba ya sauka."

Bayan rasuwarsa Suwaiba ta riƙe Tsinke a arba'in da taran nan kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Ta karɓi gurbinsa a ƙungiyarsu ta mutum biyar, 'Yan Gada, ƙarƙashin abokinsa Jamil mai gyaran waya a bakin tasha. Gasar shekara ta Ƙaramin Fage ita ce abin da Saifu ya mutu bai ci ba, kuma ta bana Asabar mai zuwa za a yi. Shi ya sa ko a Indabo, garin kakarta inda ta je wankan, tana shan ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, rabin hankalinta na kan ranar. Ba ta tafi da wayar ba don garin ba wuta ba netwok, ga kakarta da ba ta yarda mai jego ta riƙe waya. Wasan kuma yana cire wanda ya daɗe bai leƙo ba daga ƙungiya. Sai ta damƙa wa mijinta, ta nuna masa hanyar bakin ruwa.

"Kullum ka shiga ka kama kifi ka fito, kamun kifi ba ya taɓa lambar. Kada ka wahalar da kanka da komai bayan wannan. Amana ce."

Da ta san wanda take gaya wa, da ta ciji harshenta kafin kalmar ƙarshen nan ta fito. Yahuza mai turkar shanu ne, ɗan mai turka, jikan mai turka. Aikinsa ya sayo ramammen sa a Kara ranar Juma'a, ya ɗaure shi a bayan gida, ya bi shi da dusa da ƙowa da harawa da kanwa har sai wuyansa ya yi ninki uku. A gidansu, in maƙwabci zai yi tafiya ya bar maka akuya ya ce kada ka wahalar da kanka, ko ciyawa ce ka watsa mata, kowa ya san kara ce kawai yake yi maka. Mutumin kirki ba ya mayar da dabbar amana yadda ya karɓe ta. Abin kunya ne har a masallaci.

Yahuza ya zaro wayar daga aljihu yana murmushi har kunne. Ya ma saya mata sabuwar riga ta roba mai ruwan hoda.

"Maman Hanifa, ga amanarki. Duba ki gani."

Ta shige ɗaka ta kunna. Da farko ta zaci ya shiga akawun ɗin wani ne. Wani jibgegen abu ne tsaye a bakin ruwa, cikin sulken ƙarfe tun daga wuya har idon sawu, da hular ƙarfe mai ƙaho, da garkuwa kamar ƙyauren shago. Sai ta karanta sunan da ke samansa. Tsinke. A gefen sunan an rubuta sittin da biyu.

Ta buɗe shafin lissafin. Sara yana nan yadda ta bar shi, ƙarfi ma haka. Kariya ta tashi daga ɗaya zuwa arba'in da biyar, jini ya biyo ta a baya. Ta tara ta raba huɗu a ka, ta sake tarawa ko Allah zai sa na'urar ce ta yi kuskure. Na'urar ba ta yi kuskure ba.

A daidai nan matan unguwa suka cika ɗakin. Duk wanda bai taɓa haɗiye ihu yana amsa gaisuwa ba bai san azaba ba. Sannu da zuwa, ya hanya, ya mutan Indabo, ya ruwan zafi, ya jaririya, ya tsohuwa, ya kwana biyu, ya muka ji da kewa. Suwaiba tana ta amsawa, lafiya lau, alhamdulillahi, suna gaishe ku. Wata ma har cewa ta yi jego ya karɓe ta, ga idonta ya yi jawur don ƙoshin lafiya. Sai bayan la'asar gidan ya watse.

Ta same shi a bayan gida yana dama wa sansa dusa a rabin duro. San wani baƙi ne mai tozo kamar tulu, yana ta huci.

"Abban Hanifa, me na ce ka yi da wayar nan?"

"Kifi kika ce." Ya goge hannu a jikin wandonsa, har yanzu murmushin bai gama barin fuskarsa ba. "Na kama kuwa, rumbunsa cike yake. Sauran kuma tukuici ne."

"Tukuici."

"Ai na ga abin tausayi ne. Rannan na ɗan kauce hanya, wata kura ta taso, cizo ɗaya ya faɗi. Washegari ma haka. Na ce haba, mutum ba riga ba garkuwa, haƙarƙari a waje. Na yi ta lalube har na gano wani hoton garkuwa a gefe, in ka danna shi ka tsaya ana cizonka, kariyar sai ta riƙa hawa. Shi ke nan kullum in na zuba wa wannan nasa, sai in kai wancan wajen kurayen in turke shi. Wallahi ban tambayi kowa ba, da kaina na gano."

Da kansa ya gano. Wannan ne ya ƙarasa ta. Mutumin da ko lambar waya sai an adana masa, shi ne ya zauna sati shida da haƙurin masu turka yana rushe abin da Saifu ya yi shekara huɗu yana ginawa, kuma yana jiran a gode masa.

"Malam," ta ce, kuma tun aurensu ba ta taɓa kiransa haka ba, "ka san me ya sa na ce kifi kawai? Ka san me ya sa kariyar take ɗaya? Ka zaci mantuwa Saifu ya yi? Ka zaci ni makauniya ce, shekara biyu ban ga ba shi da riga ba?"

"To ai kin ce kada in wahalar da kaina. Na ɗauka irin maganar nan ce ta..."

"Ba irin maganar nan ba ce. Ni ba akuya na bar maka ba. Da na ce kada ka wahalar da kanka, kada ka taɓa nake nufi."

Ta zayyana masa lissafin a tsaye, raba huɗu da raba uku, da ƙofar da ba ta buɗe wa ɗan hamsin, da gasar Asabar. Yahuza ba daƙiƙi ba ne, mutumin da ke duban sa ya faɗi nauyinsa ai ya san lissafi. Tana gani murmushin ya zube, fuskarsa ta koma kamar ta wanda aka ce masa san da ya sayar na sata ne.

"To a rage mana," ya ce a hankali. "A hana shi abinci kwana biyu, a cire masa ƙarfen. Ko sa ne in ka janye masa dusa ai zubewa yake."

Suwaiba ta dube shi, ta dubi san, ta juya ta koma ciki don kada ta faɗi abin da zai kai su gaban manya.

Washegari da hantsi ta kira Jamil, ko da yake ta san amsar. Ta gaya masa abin da ya faru.

"Anti, sittin da biyu fa kika ce. Inna lillahi. Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Ba wannan na tambaye ka ba. Akwai magani ko babu?"

"Babu, Anti. Ko masu wasan kika rubuta wa ba sa mayar da mataki baya, dokarsu ce. Sai dai ki buɗe sabon akawun, shi kuma kafin ya kai inda Tsinke yake sai shekara ta zagayo har ta wuce." Ya yi gyaran murya. "Ki yi haƙuri, gasa saura kwana kaɗan, ba za mu shiga mu huɗu ba. Ɗayyabu ya daɗe yana jiran gurbi."

Ɗayyabu. Wanda Tsinke ya sha kwantarwa da sara ɗaya har ya daina gaishe da Saifu a hanya. Ta ce Allah ya ba da sa'a ta kashe wayar, ta zauna bakin gado tana shayar da Hanifa, hawaye na sauka a kan zanen goyon. Ba na baƙin ciki ba ne kawai, haushi ne tsagwaronsa. Da ɓarawo ne ya sace wayar da ta san wanda za ta tsine wa. Da mugunta Yahuza ya yi da ta haɗa kayanta ta koma Indabo kowa ya ba ta gaskiya. To yanzu ta je ta ce wa kakarta me? Mijina ya saya wa ɗan aljanin cikin waya riga? Har tsohuwar ta mutu ba za ta daina ba da labarin ba.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar ofishin 'yan sanda. Tana dafa abinci ta ajiye masa, tana amsa sallamarsa don wajibi ce, bayan wannan ko tari ba ta yi masa. Shi kuma ya shiga neman gyara irin nasa. Ya kawo tsire, ta ba almajiri ya ci a kwano. Ya kawo atamfa, tana nan a ledarta. Ran Alhamis ta fito daga wanka ta same shi ya ɗauki wayar, ya tuɓe wa Tsinke sulken, ya kai shi bakin wani rami yana ta jefa shi yana mutuwa yana dawowa, wai ko wahala za ta sa ya rame. Ta fizge wayar ta kulle a durowa.

"Ka kashe shi sau dubu ma sittin da biyu zai tashi. Ka bar mini abin da ya rage."

Ran Asabar bayan azahar aka buɗe gasar. Suwaiba ta shimfiɗa tabarma a inuwar baranda, ta kwantar da Hanifa a gefe, ta ɗauko wayar. Ta san abin da zai faru, amma akwai abin da sai mutum ya gani da idonsa. Ta tuƙa Tsinke har ƙofar Ƙaramin Fage. Jarumai suna ta shiga, kowa da lambarsa a ka, arba'in da bakwai, arba'in da tara. Ga 'Yan Gada nan sun taho a jere da jar tutarsu mai hoton gada, wadda Saifu ya zana. Jamil ya tsaya a gabanta, ya sa jaruminsa ya rusuna, sannan ya wuce. Ɗayyabu na biye da shi, ko waiwaye bai yi ba.

Ta danna ƙofar. Masu gadi biyu suka gitta masun hannunsu suka tare hanya. Rubutu ya fito cewa matakinka ya wuce na wannan fage. Ta sake dannawa, ya sake fitowa. Ta yi ta dannawa har ƙofar ta rufe, filin ya zama ba kowa sai wani ƙato shi kaɗai a tsaye.

Yahuza ya daɗe a bakin baranda da bokitin dusa a hannu. Ya ajiye, ya zo ya tsuguna a gefen tabarmar. Ba ta kore shi ba, so take ya gani.

Ta juya Tsinke ta fita da shi bayan ganuwa, dajin da manya ke farautar junansu ba ruwansu da mataki. Ba a jima ba wani ɗan tamanin ya taso da gatari. Suwaiba ta ɗauke yatsunta daga gilashin. Gatarin ya sauka, Tsinke ya yi taga-taga ya tsaya. Ya sake sauka, ya tsaya. Na uku ma garkuwar ce ta tare. Ita da ta saba ganinsa ya zube tun a na farko, sai ta ji kamar baƙo take kallo sanye da sunan ɗan'uwanta.

"Kin gani ko," in ji Yahuza, muryarsa can ƙasa. "Bai faɗi ba."

Ya ƙara matsowa kusa da ita.

"Suwaiba, ni na kama gaban makarar Saifu ranar nan. Tun daga ƙofar gida har maƙabarta ban ba kowa ba. Wallahi kamar ba kowa a ciki, har leƙawa na so in yi. Na saba ɗaga buhun dusa, na san nauyin abu. Da na ga wannan yana faɗuwa da cizo ɗaya, ga sunan da kuke tsokanarsa da shi a samansa, ke kuma kina can ba na ganinki, sai na kasa. Na ce ko a nan ne dai bari ya yi jiki."

Maganar ta shige ta, ba za a ce ba ta shige ta ba. Ta ga idonsa ya kawo ruwa, ta san ba ƙarya yake ba, kuma ta san ko a cikin dangi ba kowa ya so Saifu haka ba. Sai dai maimakon wutar ta mutu, sai ta ƙara ruruwa, don yanzu ta gane ainihin abin da aka yi mata.

"Na sani," ta ce. "Kowa haka yake. Tun yana yaro duk wanda ya gan shi sai ya ce wayyo. A ba shi madara, a ba shi ƙwai, a sa masa rigar sanyi, kada ya yi gudu, kada ya taɓa ruwa. Inna ta lulluɓe shi, ni na lulluɓe shi, likita ya lulluɓe shi, har ranar ƙarshe lulluɓe shi aka yi. Wuri ɗaya tak ya gina wa kansa inda yake fita ba riga mutane suna gudu in sun hango shi. A nan ba wanda ya taɓa ce masa wayyo. Sai da ya mutu ka bi shi har can ka lulluɓe shi."

Daga bayan gida san ya yi kuka yana neman dusarsa.

Ta zare rigar robar mai ruwan hoda daga jikin wayar ta ajiye a tabarma. Sai ta dubi tsagaggen gilashin ta daɗe, sannan ta kamo hannunsa ta ɗora masa wayar a tafi.

"Riƙe. Sanka ne yanzu, ka ci gaba da turka. Ni ƙanina siriri ne."

Ta ɗauki Hanifa ta shiga ɗaka ta saki labule. Yahuza ya zauna riƙe da wayar da hannu biyu, bai san inda zai danna ba. A cikin gilashin mai gatarin yana ta saran Tsinke, Tsinke ya ƙi faɗuwa.